Idan Jak Ya Fara Zubar da Mai: Yadda Ake Gano Abin da Ya Kashe Sil Kafin a Sa Sabo

Duk wanda ya taɓa riƙe tifa mai jigilar yashi daga bakin ruwan Ajah ko Ikorodu a Legas, ko katafilar haƙa a filayen gini na hanyar Lekki zuwa Epe, ko injin ɗaga kaya a rumbunan ajiya na Apapa, ya san safiyar da direba zai zo ya tsaya ya ce, "Maigida, jak ya fara zubar da mai." Abin da direbobi da makanikai ke kira jak shi ne silindar haidurolik, wato gangar ƙarfen nan da rodi mai sheƙi ke shiga da fita a cikinta, wadda ke ɗaga bodin tifa ko hannun katafila. Abin da aka saba yi a ranar shi ne a tura yaro kasuwar Ladipo ya sayo robobin sil, wato zobban roba da ke hana mai yoyo, a kwance, a canja, a ɗaure, inji ya koma bakin aiki kafin la'asar. Bayan mako uku ko wata guda sai a ga mai ya sake jiƙe rodi, a ɗora laifin a kan mai shago, a ce jabu ya sayar. Wani lokaci zargin gaskiya ne. Amma a yawancin silindodin da aka kwance a gabana, akwai abin da ya kashe sil ɗin farko, kuma tun da ba a nemo shi ba, shi ne ya zauna yana jiran na biyu. Sil shi ne abu mafi laushi a cikin silinda, saboda haka shi yake fara nuna cutar da ke jikin ƙarfe ko a cikin mai.

Kafin a ɗauki sifana yana da kyau a san abin da ke ciki. A bakin ganga akwai kan silinda, wanda ake ɗaurewa da notuna ko a murɗa shi da zare, kuma a cikinsa robobi suke jere. Ta can waje ita ce robar ƙura, mai goge rodi duk lokacin da zai koma ciki. Bayanta akwai babbar robar rodi mai leɓe, wadda ke tare mai kada ya fito, kuma a manyan injuna akan sa wata a gabanta ta ɓangaren mai domin ta rage mata bugun matsi. Sai bushi ko zoben jagora, wanda ke riƙe rodi a tsakiya don kada ƙarfe ya gogi ƙarfe. A jikin fistin akwai robar da ta raba man gefe biyu, tare da nata zobban jagora, sannan akwai siririn zoben roba tsakanin kan silinda da ganga, wanda ba ya motsi. Waɗannan 'yan robobi ne ke tare matsin da a katafilar haƙa yakan kai bar 300 zuwa 350, wato nauyin fiye da kilo 300 a kan wurin da bai fi farcen ɗan yatsa faɗi ba.

Wannan matsi ne ya sa dole maganar tsaron rai ta riga ta gyara. A ajiye inji a wuri mai daidaito, a sauke bokiti ko cokulan ɗaga kaya har ƙasa, a kashe inji, sannan a motsa liba gaba da baya sau da yawa domin matsin da ya rage a tiyo ya koma tanki; a katafilun zamani sai an mayar da makulli wurin kunna wuta, ba tare da tayar da inji ba, kafin liba ta yi wannan aiki. A sassauta marfin tanki a hankali, domin shi ma yakan riƙe iska. Idan aikin na tifa ne kuma dole a ɗaga bodi, kada kowa ya sa kansa tsakanin bodi da shasi sai an kafa ƙarfen tokara ko katako mai kauri da zai ɗauki nauyin, domin jak ɗin da ake zargi da lalacewa ba abin da za a ba amanar rai ba ne. Kada kuma a lalubi wurin yoyo da tafin hannu alhali inji na aiki. A kara guntun kwali. Man da ke fita ta rami kamar bakin allura yana iya huda fata ko da matsin bai wuce bar 7 ba, ya shige cikin tsoka, ya bar ɗan tabo da ba ya tayar da hankali da farko, amma cikin sa'o'i yana iya kashe yatsa ko hannu. Wanda hakan ta same shi a kai shi babban asibiti nan take, kamar Asibitin Ƙashi na Igbobi ko Asibitin Koyarwa na Idi-Araba, a gaya wa likita cewa mai ne ya shiga da matsi, domin maganinsa tiyata ce, ba ɗauri da shafa man zafi ba.

Gane inda yoyon yake

Yoyon waje ido yana ganinsa. A wanke kan silinda, a goge, a sa inji ya yi aiki na ɗan lokaci, sannan a duba daga ina man ya fara ɓullowa, domin sau da yawa tiyo ne ko notin tiyo yake ɗiga daga sama man ya gangaro kan rodi. Ɗan danshin mai a jikin rodi ba laifi ba ne, shi ne ma yake hana leɓen roba ƙonewa, musamman a jak ɗin tifa mai hawa-hawa. Abin damuwa shi ne man da ke taruwa a bakin robar ƙura har ya ɗiga.

Yoyon ciki ya fi wuyar sha'ani, domin babu digo ko ɗaya a ƙasa, sai dai inji ya rasa ƙarfi, hannu ya riƙa sauka da kansa, mai ya riƙa zafi fiye da kima. A nan ne ake yawan asarar kuɗi, saboda da zarar an ga bum, wato babban hannun katafila, yana sauka sai a yanke hukunci cewa robar fistin ce. Ga abin lura: idan nauyi yana danna rodi ciki, kuma bawul ya toshe ƙofofin silinda biyu sosai, rodin ba zai iya shiga gangar da ke cike da mai ba sai wani man ya samu hanyar fita, don haka ko robar fistin ta lalace, saukar takan tsaya bayan ɗan motsi, sai fa idan matsin ya hau har bawul ɗin kariya ya buɗe. Ke nan hannun da ke ta sauka ba tsayawa yana iya nuna bawul mai yoyo. Hanyar rarrabewa ita ce a miƙar da rodi har ƙarshe, a kashe inji, a rage matsi, a cire tiyon da ke ɓangaren rodi kaɗai, a toshe bakin tiyon da noti makaho, sannan a tayar da inji a riƙe liba ta wajen miƙewa na rabin minti. Ragowar mai zai ɗan tsiyayo ya tsaya. Idan ya ci gaba da kwarara daga ƙofar da aka buɗe, robar fistin ce ke barin mai ya tsallaka. Wannan gwaji na makanike ne mai gogewa, domin cire tiyon da ke riƙe da nauyi, ko tura liba ta ɗaya wajen, yana iya jawo mummunan haɗari.

Kwancewa

Silindar bum ta katafila mai tan 20 ta haura kilo 150, saboda haka a rataye ta da sarƙar ɗaga kaya kafin a buge fil. A toshe duk bakin tiyo da ƙofa da aka buɗe, ko da leda mai tsabta ce da igiyar roba. Kada a kwance silinda a kan yashin wurin aiki. A kai ta inuwa, a shimfiɗa katako ko kwano mai tsabta, a wanke bayanta kafin a buɗe cikinta. Rodin a zaro shi a miƙe, ana tallafe da shi a kan katako, kuma kada a kuskura a hura iskar kwamfuresa don a tunkuɗo shi, domin iska takan matsu ta taru sannan ta harbo rodin kamar harsashi. Notin fistin a manyan injuna yana da ɗauri mai tsanani, kuma akwai ƙaramin sukuru ko fil da ke kulle shi. A nemo shi a cire, a yi wa notin alama, sannan a kwance. Kafin a ciro roba ko ɗaya daga mazauninta, a ɗauki hoto da waya, domin jerin robobin da inda kowane leɓe ya fuskanta su ne abin da ake mantawa bayan awa biyu.

Yanzu a jera tsofaffin robobin a kan farin kwali a duba su a cikin haske, kada a jefar. Wannan shi ne wurin da ya cancanci a ɓata lokaci a kansa. Robar da ta bushe, ta yi tauri, ta yi sheƙi, tana tsagewa idan an lanƙwasa ta, zafi ne ya dafa ta. Man haidurolik ya fi son aiki tsakanin digiri 50 zuwa 60, kuma da zarar ya haura 80 robobi da man kansa sun fara lalacewa, don haka sai a koma ga lagireton mai, wanda ƙura da laka kan toshe, da fanka, da yawan man da ke tanki. Robar da ta kumbura ta yi laushi kamar an jiƙa ta, man da ba nata ba ne ya taɓa ta. A nan akwai wani ruɗani da ya kamata a faɗa a fili: a ƙasar nan man birki ma haidurolik ake ce masa, kuma yaron da aka aika bai san bambanci ba yana iya kawo shi a ƙara a tanki ko a shafa wa sabon sil, alhali man birki yana lalata robobin da aka yi domin man haidurolik na injuna. Robar da gefenta na baya ya yi kamar ɓera ya ɗanɗana, matsi ne ya tura ta cikin ratar da ke tsakanin rodi da kan silinda, abin da ke nuna bushi ya cinye ratar ta buɗe, ko kuma wani ya ƙara wa bawul ɗin kariya ƙarfi don inji ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa. Idan leɓe ya cinye ta gefe ɗaya kawai, rodi ya lanƙwashe, ko fil da bushin da silinda ke rataye a kai sun yi wasa, ko kuma direban tifa yana juye kaya a wurin da mota ta karkace. Zane-zane a tsaye a jikin leɓe aikin yashi ne. Baƙin tabo kamar na ƙuna aikin iska ne da ta shiga mai, matsi ya danne ta har ta kama wuta kamar yadda gas ke kamawa a cikin inji. Robar da ke marmashewa a hannu kamar tsohon sabulu kuwa, ruwa ne da zafi suka haɗu a kanta, kuma wannan cuta ce da Legas ta fi garuruwan Arewa fama da ita, saboda laimar iska da ruwan Yuni da Yuli da injuna ke kwana a cikinsa. Man da ruwa ya shiga yakan koma launin shayi mai madara, kuma idan aka ɗiga shi a kan ƙarfe mai zafi sai ya yi ƙara yana tartsatsi.

Bayan robobi sai rodi. A wanke shi, a bi shi da farce daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Duk zanen da farce ya maƙale a cikinsa zai yanka sabon sil. Fatar kurom da ke sa rodi sheƙi ba ta kai kaurin gashin kai ba, kuma iskar gishiri ta Apapa da Tin Can da bakin tekun Lekki tana shiga ta ƙananan tsagoginta ta haifar da ramukan tsatsa masu kaifin baki. Ƙaramin zane ana iya goge shi da samfefa mai laushi, lamba 400 zuwa 600, da ɗan mai, ana zagaya rodin, ba ana bin tsawonsa ba. Amma ramin tsatsa mai zurfi ko kurom da ya fara ɓarewa sai dai a sake wa rodin kurom ko a kai wa masu feƙe ƙarfe a inji su yanko sabo daga rodin da ya zo da kurom ɗinsa. A kuma ɗora shi a kan matokara biyu a juya shi da agogon awo a tsakiya. Lanƙwasar da ta wuce rabin milimita a kowace mita ta isa ta ci sil. Na taɓa ganin silindar bokiti a wani filin gini da ke wajen Ibeju, an canja mata sil sau uku cikin wata biyu, kowane karo ana zagin mai shago, har sai da muka bi rodin da farce muka ji wasu 'yan ƙwayoyi kamar gero. Ashe mai walda ne ya gyara haƙoran bokiti rodin yana waje ba a rufe ba, tartsatsi ya manne masa. Tun daga ranar, duk inda za a yi walda nakan sa a mayar da rodi ciki ko a naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu, a kuma maƙala wayar walda ta biyu kusa da wurin aikin, don kada wuta ta ratsa ta cikin silinda. Cikin ganga ma a haska shi da tocila, domin zane mai zurfi a can zai ci robar fistin.

Saye da sawa

A tafi kasuwa da lambar inji da lambar silinda, da tsofaffin robobin, da kan silindar kansa idan zai ɗauku. Tsohuwar roba ta riga ta canja siffa, don haka awon da ake dogara da shi shi ne na ƙarfe: kaurin rodi, faɗin cikin ganga, da zurfi da faɗin mazaunin kowace roba, a auna da ma'aunin baniya. Wannan ya fi zama dole a injunan tokumbo, wato tsofaffin da aka shigo da su daga ƙasashen waje, waɗanda ba mamaki an riga an canja musu silinda tun kafin su iso tasha, kuma wasu awonsu na inci ne wasu na milimita, bambancin da ido ba ya gani amma mai yana gani. Kamfanoni irin su NOK na Japan, Hallite na Ingila da Parker na Amurka sun yi suna a wannan sana'a, kuma sunan nasu ne masu jabu ke bugawa a leda. Araha ba ta ado. A sayi saiti cikakke a wurin wanda zai karɓi kayansa idan sun ba da matsala, a duba leɓe ya zama mai kaifi da santsi, a guji robar da ta daɗe a rataye a rana. A canja duka har da robar ƙura da zobban jagora. Robar ƙura ita aka fi rainawa, alhali sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma yashin da ke cin sauran robobin ta nan yake bi.

Wajen sawa, tsabta ita ce rabin aikin. A wanke ƙarafa da gas ko kananzir mai tsabta, a bushe su, a goge da tsumman da ba ya zubar da zare, a tabbata mazaunin kowace roba ba shi da tsatsa ko kaifi. A shafa wa robobi man haidurolik irin wanda ke tanki. Leɓen robar rodi yana fuskantar ɓangaren mai, na robar ƙura yana fuskantar waje. Kada a cusa roba da sukudireba. A yi amfani da yatsa, ko abin da aka feƙe daga roba mai tauri ko tagulla, domin yankan da ido ba ya gani shi ne yoyon gobe. Zoben fistin mai tauri, irin na Teflon, a tsoma shi a ruwan zafi ko mai mai ɗumi ya yi laushi, a sa shi, sannan a matse shi da ɗamara na wasu mintuna ya koma girmansa kafin a tura fistin cikin ganga. A naɗe zaren rodi da salatif ko siririyar leda kafin a zura kan silinda, don kada haƙoran zare su yage leɓe. Notin fistin a ɗaure shi da ƙarfin da littafin inji ya faɗa, a mayar da abin kulle shi, domin fistin da ya kwance a cikin ganga yana lalata silinda gaba ɗaya.

Da an mayar da silinda, kada direba ya ɗebi kaya nan da nan, domin cikinta cike yake da iska. A bar inji a ƙaramin gudu, a tura rodi waje da ciki a hankali sau huɗu ko biyar, ana tsayawa kamar santimita 10 kafin ƙarshe, sannan a kai shi ƙarshe sau biyu ko uku ba tare da danne liba ba. A duba ma'aunin tanki a cika da mai iri ɗaya da na ciki, wanda a yanayin zafi irin namu yawanci lamba 46 ne ko 68, gwargwadon abin da kamfanin injin ya rubuta. Idan tsohon sil ya nuna yashi ko ruwa, to man da ke tanki ma ya gurɓata: a canja filta, a zubar da man idan ya yi madara, a duba marfin tanki mai shaƙar iska, a daina zuba mai da jarkar da aka ɗebi gas ko ruwa da ita, a kuma kwantar da durom ɗin mai a inuwa maimakon a bar shi tsaye ruwan sama yana taruwa a bakinsa.

Direba kuma yana da nasa rabon. Idan an tashi aiki a ajiye inji yadda yawancin roduna za su koma ciki, wanda dole ya kwana a waje a shafa masa giris idan injin zai daɗe bai motsa ba, musamman kusa da ruwan gishiri. Laka da siminti da suka bushe a jikin rodi a wanke su kafin a ja shi ciki. A riƙa ba fil-fil giris kullum, a daina buga bokiti da ƙarfi har silinda ta kai ƙarshe, kuma mai tifa ya nemi wuri madaidaici kafin ya ɗaga bodi. Bayan mako guda da gyara a sake duba bakin robar ƙura da ɗaurin notunan kan silinda. Tsofaffin robobin kuma a zuba su a leda, a rubuta kwanan wata da adadin awoyin da agogon inji ya nuna da sunan silindar da aka ciro su, a ajiye a akwatin kayan aiki, domin idan yoyo ya dawo a kwatanta su da waɗanda za a ciro.